Kaset na Uku

A Bilbis, cikin Tawa, bayan shagon mai gyaran rediyo,
nan rumfar Agali take: zana huɗu, buhun siminti a bakin ƙofa.
Dala biyar, ka shiga.
In babu, ka nemi hudar da ɓera ya yi wa zana,
ka ba ta ido ɗaya.

Kaset uku ne, labari guda.
Na farko ya koya mana sama ba rufi ba ce, daji ce,
da rijiyoyinta, da zangonta, da masu tare hanya.
Na biyu ya kore mu gida muka kasa cin tuwo,
don an ci namu da yaƙi,
jirginsu ya tsere da fiffike ɗaya
kamar zabon da ya sha dutsen danƙo.

Na uku ya zo ran Laraba, bayan isha'i.
Runduna ta yi sahu tsakanin taurari,
yarinyar nan mai tuƙi ta ɗora hannu kan ƙofar ƙarshe,
sai na'ura ta yi tari,
ta hau taunar zare kamar akuya ta samu leda.

Agali ya zaro shi, ya naɗe da biro,
ya manna da jan farcen matarsa.
Abin da ya rage: sunayen baƙi suna hawa sama,
da kiɗa mai cewa an gama,
ba ya cewa yadda aka yi.

"Dalarmu! Dalarmu!"
Bai mayar ba. Benci ya hau.
"Ni na ga ƙarshen a Abijan," in ji shi, "ku zauna."
Ran da ciniki ya yi kyau, namu sun ci, har da rabon ganima.
Ran Juma'a, azzalumin ya tuba, ya yi kuka.
Ran da ya yi faɗa da matarsa, ba wanda ya tsira,
ko kare.

Asumana ya rantse an tsaga wata biyu.
Kadri ya ce ƙarya ne, mai ne ya ƙare musu a hanya.
Tsahara mai gyaɗa, da ba ta taɓa shiga ba,
ta ce, tana ƙirga canji:
"Ko wa ya ci, da safe wata ce za ta yi shara."

Ni ban ce komai ba.
Ina da nawa kaset biyu ƙarƙashin gadon inna,
muryar babana daga bakin teku:
na farko gaisuwa, na biyu alkawari,
in damina ta faɗi ina tafe.
Na uku har yau yana hanya.

Shekara talatin da ɗoriya.
Jiya a tasha, muna jiran motar Yamai,
ɗiyata ta miƙo mini waya: "Baba, ga abin nan naka."
Minti goma sha ɗaya ne kacal.
Ƙofa ta buɗe. Namu sun ci.
An yi rawa, an rungumi juna, wuta ta yi furanni a sama.
Ya yi kyau, ban ce bai yi ba.
Sai dai ban ga mai shara ba,
kuma ba wanda ya hau benci.

Agali ya kwanta dama tun shekarar da aka yi kwalta.
Inda rumfarsa take, cajin waya ake yi, dala ashirin.

"Baba, haka ya ƙare?"
Na ce, "Haka wannan ya ƙare."
Ɗan kamasho ya kira sauran mutum biyu.
Na taɓa aljihu: tikiti, goro,
da biro, wanda ba ya rubutu tun bara,
ban dai yar ba.